Yadda Ake Shirya Fim Mai Taɓa Ƙwaƙwalwa Kan Mai Ɗaukar Hoton Wuraren Kisa

Akwai mutumin da ake buga wa waya da tsakar dare duk lokacin da aka tsinci gawa a birni. Zai zo da kyamararsa a rataye, ya sunkuya ya wuce igiyar da 'yan sanda suka kewaye wurin da ita, ya durƙusa ya ƙura ido ga abin da kowa ke kawar da kai daga gare shi. In ya gama ya koma gida ya kwanta, idan barcin ya yarda ya zo. Fim a kan irin wannan mutum yana da daɗin shiryawa ga mai ƙaramin ƙarfi, don ba ya buƙatar kifewar motoci ko taron ɗaruruwan mutane. Aikin da ke gabanka guda ne: ka shigar da mai kallo cikin kan mai hoton nan, ka ja ƙofa ka rufe. Duk matakan da zan zayyana wannan suke yi wa hidima.

Mataki na farko: wane irin mai hoto ne?

Iri biyu ne, kuma ciwon kowannensu daban.

Na farko shi ne ma'aikacin 'yan sanda, wanda hotonsa shaida ce a gaban alƙali. Kakan wannan sana'a shi ne Alphonse Bertillon, wanda ya yi aiki da 'yan sandan birnin Paris a Faransa daga 1879 har ya mutu a 1914. Shi ya tsara a riƙa ɗora kyamara a kan doguwar ƙafa tana kallon ƙasa, a ɗauki gawa daga sama da ma'auni, yadda za a iya lissafa nisan kowane abu daga jikin hoton. Mai irin wannan aiki an hore shi ya kashe zuciyarsa. Ciwonsa daskarewa ne.

Na biyu mai farautar labari ne, yana ɗauka yana sayar wa jaridu ko gidajen talabijin. Arthur Fellig, wanda aka fi sani da Weegee, shi ne gwarzon wannan layi a birnin New York na Amurka. A 1938 ya sami izinin sa rediyon 'yan sanda a motarsa, har yakan riga su isa wurin, kuma a 1945 ya tara hotunansa a littafin Naked City. Ciwon wannan yunwa ce: kowace gawa kuɗi ce, wadda ta fi muni ta fi tsada. Fim ɗin Nightcrawler na 2014 ya bi wannan hanya har ƙarshenta a Los Angeles.

Ni dai na farkon nake ba da shawara. An fi tattake hanyar na biyun, sannan ma'aikacin 'yan sanda yana da dokoki, kuma mutum mai dokoki ya fi daɗin kallo ranar da ya fara karya su.

Mataki na biyu: ka koyi aikin kamar kai za a kira gobe

Nan ne mafi yawan masu rubutu ke yin ganganci. Sai ka ga jarumi ya faɗo ɗaki yana ta ƙas-ƙas-ƙas kamar mai ɗaukar hoton wasan ƙwallo. Ba haka ake yi ba.

Ana ɗauka ne daga nesa zuwa kusa, hawa uku. Da farko hotunan wurin gaba ɗaya: titi, ƙofar shiga, lambar gida, kowace kusurwa ta ɗakin. Sannan na tsaka-tsaki, masu nuna inda abu yake dangane da wani, misali wuƙa da ƙafar tebur. Sai na kusa-kusa, kuma kowanne sau biyu ake yi, ɗaya yadda aka tarar da abin, ɗaya da rula a gefensa don a san girmansa. Idan ana ɗaukar sawun takalmi ko rauni, kyamara tana kallonsa kai-tsaye daga sama, ba a karkace ba, don karkacewa na ɓata awo. Sawu kuma ana haska shi ne daga gefe, fitila ta kwanta kusan a ƙasa, sai inuwa ta fito da zanen takalmin raɗau. Ba a taɓa komai kafin a gama ɗauka. Kowane hoto ana rubuta lambarsa da lokacinsa da bayaninsa a takardar aiki. Kuma ba a goge hoto ko da ya lalace, domin lambobin suna bin juna, in ɗaya ta ɓace lauya zai tambayi inda ta shiga.

Ka riƙe wannan doka ta ƙarshe, za mu dawo kanta.

Ka kuma san abin da jiki ke yi bayan mutuwa, daidai gwargwado. Sandarewa tana farawa cikin 'yan sa'o'i, ta kama jiki duka a wajen awa 12. Jini yana gangarowa ya taru a sashen da ke ƙasa, ya bar tabo mai duhu, kuma bayan awa 8 zuwa 12 tabon ba ya ƙara matsawa. Saboda haka gawar da aka tarar rub da ciki amma tabon yana bayanta, wani ya juya ta. Ga hujja kyauta, ba tare da jarumi ya ce uffan ba. Akwai kuma sinadarin luminol da ake fesawa inda aka wanke jini. Yana yin wani haske shuɗi na kamar daƙiƙa 30, kuma sai an kashe fitilu ɗif an bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci ake kama shi. Ka duba irin fitowar da wannan zai ba ka: mutane huɗu tsaye cikin duhu, ba mai magana, bango yana fito da abin da aka goge.

In ka sami tsohon ɗan sanda ko ma'aikacin ɗakin ajiye gawa da zai zauna da kai, kada ka tambaye shi mafi munin abin da ya gani. Ka tambaye shi abin da yake yi da takalmansa idan ya koma gida.

Mataki na uku: nemo tsagar bangon

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jaruminka ya shekara goma yana wannan aiki lafiya lau. Me ya sa yanzu ne zai fara rushewa? Ka ba shi abu ɗaya, ƙarami, wanda ake iya gani da ido. Rashin barci kaɗai bai isa ba, kowane fim yana da shi. Ka ce ya daina iya ɗaukar hoton mai rai: ƙanwarsa ta miƙo masa jaririnta ta ce, "Yaya, ɗauke mu mana," ya ɗaga kyamara, sai hannunsa ya kai ga aljihu yana laluben rula. Ita ba ta lura ba. Mai kallo ya lura. An gama, ba ka buƙatar likitan ƙwaƙwalwa ya zo ya yi jawabi.

Ka guji dogon labarin yarinta da ake dawowa da shi cikin hazo da kiɗan tausayi. In akwai tsohon ciwo, jimla ɗaya ta ishe shi, kuma gara ta fito daga bakin wani.

Mataki na huɗu: hoto ɗaya mai fuska uku

Wannan shi ne ƙashin bayan fim ɗin, don haka zan daɗe a nan.

Ka ƙirƙiri hoto guda wanda mai kallo zai gani aƙalla sau uku, hoton bai canza ba, amma abin da yake nufi ya canza kowane karo. Dabarar tsohuwa ce. A fim ɗin Blow-Up na Michelangelo Antonioni, 1966, mai hoto a Landan ya yi ta ƙara girman wani hoto da ya ɗauka a lambu har ya ga kamar akwai gawa a ciki. Kai sai ka nemi taka hanyar.

Ga misali da na gina don wannan rubutu. Mai hotonmu yana da al'ada: idan ya gama aikin hukuma, yakan juya ya ɗauki taron 'yan kallo sau ɗaya. Weegee ma yakan yi haka, kuma ɗaya daga cikin fitattun hotunansa, na 1941, fuskokin yara ne da manya suna leƙen wanda aka harbe, gawar ma ba ta ciki. To, a gani na farko, hoton taro ne kawai, mutane a bayan igiya, wani na hamma, wata ta rufe baki. Ka nuna shi daƙiƙa uku ka wuce.

A gani na biyu, bayan kisa na uku, yana jera hotunan taron a kwamfuta sai ya lura da mutum ɗaya mai farar riga a dukansu, a unguwanni uku masu nisa da juna. Kowa na kallon gawa, shi yana kallon kyamara. Yanzu hoton ya zama hujja, jarumi ya zama mafarauci, mai kallo yana bayansa ɗari bisa ɗari. Ya kai wa shugabansa:

"Yallaɓai, mutum ɗaya ne a wuri uku."

"Kai aikinka ɗauka ne. Bar mana gani."

A gani na uku ne za ka janye tabarmar. Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanan da kyamara ke rubutawa a cikinsa, har da ranar ɗauka da minti. Wata abokiyar aikinsa tana daidaita takardar aiki sai ta ga lambobin sun yi tsalle daga 0417 zuwa 0419. Mutumin da bai taɓa goge hoto ba ya goge ɗaya. Da ta ƙara dubawa, hoton farko na wannan dare an ɗauke shi minti 20 kafin a kira 'yan sanda. Me ya kai shi wurin? Kuma mai farar rigar nan, kisa yake zuwa kallo, ko kuwa mai hoton yake bi saboda abin da ya gani ya yi?

Ka lura ban ce jarumin ne ya yi kisan ba. Wannan juyi ya tsufa, mai kallo na hango shi tun daga minti na goma. Abin da ya fi ciwo shi ne laifi mai matsakaicin girma: ya isa wurin mutumin yana da sauran numfashi, kuma maimakon ya kira motar asibiti, sai ya ɗaga kyamara. Hoto na 0418 ke nan. Irin wannan laifi mai kallo zai iya auna kansa da shi, shi ya sa yake bin sa har gida.

Dokar wasan ita ce kada ka yi maguɗi. Duk abin da za a gano a gani na uku dole ya kasance a hoton tun gani na farko. Ka ɗauki hoton na gaske kafin a fara aikin fim, ka buga shi babba, ka manna a bango, ka rubuta sauran labarin kana kallonsa.

Mataki na biyar: rubutun

Shafi ɗaya na rubutun fim yana cin kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi 90 zuwa 100 ya wadatar. Gani na farko ya zo cikin shafuka goma na farko, na biyu kafin tsakiya, na uku idan saura kamar shafi 20. Wurare kada su wuce shida ko bakwai: ɗakinsa, motarsa, ofis, da wuraren kisa uku.

Ka rage magana. Labarin zuciya a tambayi fuska, kuma jaruminka mutum ne da ya saba ɓoye fuskarsa a bayan kyamara, saboda haka duk lokacin da ya sauke ta, wani abu ne ya faru. Fitaccen mai shirya fim Alfred Hitchcock yana da misalin da ya shahara da shi: in bam ya tashi ba zato, mai kallo ya firgita na 'yan daƙiƙu, in kuwa an nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, zai yi mintuna zuciyarsa na dukan uku-uku. Bam ɗinka shi ne lambar da ta ɓace. Ka bar mai kallo ya ga tsallen kafin abokiyar aikin ta gani, sannan ka zaunar da ita kusa da takardar tana hira da dariya.

Mataki na shida: birnin da tashin hankalinsa

Jaruminka kusan kullum a makare yake zuwa, bayan an gama. Ka yi amfani da wannan. Kada kyamararka ta ga kisa ko ɗaya yana faruwa. Ta ga takalmi ɗaya a tsakiyar titi, wayar mamaci tana ta ruri a cikin aljihunsa ba mai ikon ɗagawa, mai shago yana jiran a tafi ya watsa ruwa ya buɗe. Ta nan birni ke nuna halinsa: yadda ake saurin komawa harka.

Wata shawara da nake ganin ta zama tilas: ka ba kowane mamaci suna da mutum ɗaya da zai zo nemansa. In ba haka ba ka faɗa cikin ciwon jaruminka, gawa ta zama kayan ado. Kada kuma ka yi amfani da hoton gawar gaske da ka samo a intanet, ko ka kwaikwayi wani kisa sananne har danginsa su gane. Kuma kada dukan kashe-kashen su taru a unguwar talakawa kamar su kaɗai ke mutuwa. Ka kai ɗaya gidan da ke da mai gadi.

Mataki na bakwai: ranar ɗauka

Fim ɗin yana da ido biyu, kuma dole su bambanta. Idon fim: duhu, fitilun titi, launi mai ɗumi, kyamara na ɗan motsi, bayan jarumi a dushe. Idon hotunansa: walƙiya fayau, komai a fili, ba motsi, ba tausayi. Duk lokacin da ka yanka daga na farko zuwa na biyu, mai kallo ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi. Can gaba, yayin da kansa ke kwancewa, sai ka bar idanun biyu su fara cakuɗewa: ɗakin kwanansa ya fito da hasken wurin kisa.

Abubuwa uku na fasaha da ke ba mutane kunya. Na ɗaya, fitilun titi da na shaguna suna kyaftawa a bidiyo. Inda wutar lantarki ke bugawa sau 50 a daƙiƙa ka sa saurin ɗauka a ɗaya bisa 50, inda take 60 ka sa ɗaya bisa 60. Na biyu, walƙiyar kyamarar hoto gajeriya ce ƙwarai, yawancin kyamarorin bidiyo kuma layi-layi suke karanta hoto daga sama zuwa ƙasa, sai ka ga rabin allo ya haska rabi duhu. Ka gwada tun kafin ranar, in ya ƙi ka yi walƙiyar da fitilar da ke daɗewa kaɗan, ko ka gyara wajen tacewa. Kada kuma walƙiya ta wuce uku a daƙiƙa ɗaya, don tana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu. Na uku, jini. Ruwan sukari mai kauri da jar kalar abinci da ɗigon shuɗi yana yi. A fim baƙi da fari ma Hitchcock da ruwan cakulan ya yi na fim ɗin Psycho a 1960. Amma jini yana yin duhu ya koma ƙasa-ƙasa idan ya bushe. Na taɓa shirya wani gajeren fim inda aka ce gawa ta kwana, mu kuwa muka malala jini ja wur yana sheƙi. Wata ma'aikaciyar jinya da ta kalla ta tuntsire da dariya a daidai inda nake jiran a yi tsit. Ka haɗa kala uku: sabo, na 'yan sa'o'i, da busasshe.

Sai tsaro, kuma a nan ba wasa. Ka nemi izinin hukuma a rubuce, ka sanar da 'yan sandan yankin da maƙwabta kafin ka shimfiɗa gawar ƙarya a titi da dare, ka kafa allo mai nuna fim ake yi. Bindigar gaske kada ta shigo wurin. Ɗan wasan fim Brandon Lee ya mutu a 1993 bayan an harbe shi a wurin ɗaukar fim, mai riƙe kyamara Halyna Hutchins ma haka a 2021, dukansu ta bindigar da aka ɗauka ba ta da haɗari. Tun da fim ɗinka ba ya nuna harbi, ta roba ta ishe ka. Wanda ke kwance a matsayin gawa kuma mutum ne: a shimfiɗa masa abu a ƙasa, a rufe shi tsakanin ɗauka, kuma a ɗauki fitowarsa a gajeru don kada a ga ƙirji na motsi.

Mataki na takwas: sauti da tacewa

Rabin tsoron a kunne yake. Ka naɗi ƙarar kyamarar daban, kusa-kusa: ƙas ɗin ɗauka, siririn kukan da fitilar walƙiya ke yi tana sake caji, ƙarar safar hannu ta roba, numfashinsa a bayan kyamara. A wurin kisa na farko ka bar hayaniyar birni yadda take. A na biyu ka rage ta. A na uku ka ɗauke ta gaba ɗaya, sai numfashi da ƙas. Kiɗa kaɗan, kuma kada ya riga abin tsoro isowa yana sanarwa.

Wajen tacewa ka tuna gwajin mai shirya fim Lev Kuleshov na Rasha, wajen shekara ɗari da ta wuce: fuska ɗaya ce aka haɗa da hotuna daban-daban, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a wani wuri, baƙin ciki a wani. Saboda haka ka sa jarumi ya ba ka minti biyu na fuska wayam, yana kallon allo kawai. Za ka yi amfani da ita sau da yawa fiye da duk wani kuka da ya yi. Hotuna marasa motsi kuwa ka riƙe su fiye da yadda ake jin daɗi. In edita ya ce a yanka, ƙara daƙiƙa biyu.

Hoto na 0418: ka yanke shawara ko za a nuna shi. Ni ba zan nuna ba. Zan nuna fuskar abokiyar aikin lokacin da ta dawo da shi daga memori, hasken allo a idonta, hannunta ya tsaya cak a kan linzamin kwamfuta.

Mataki na tara: gwaji

Ka tara mutum biyar ko shida da ba su karanta rubutun ba, kuma ba sa jin nauyinka. Kada ka tambaye su ko fim ya yi kyau. Ka ba kowa takarda ya rubuta amsar tambaya biyu: a wane wuri ya daina yarda da mai hoton, kuma yaushe ya fara ganin mai farar riga. Idan akasarinsu sun daina yarda da shi tun kafin tsakiya, ka yi yawan alamu. Cire fitowa ɗaya daga cikin masu nuna rikicewarsa, yawanci ta madubi ko ta mafarki. Idan ba wanda ya ga mai farar rigar sai da aka nuna masa, ka koma gani na farko ka ƙara masa daƙiƙa ɗaya, sannan ka nemo wasu mutum biyar ɗin daban ka sake nunawa.